Mumbo Jumbo: Dodon Mandinka a Bakin Bature, da Baƙon da Ya Sauke Tafintansa a Yauri

A farkon shekarar 1806 wani jirgin ruwa da ba a taɓa ganin irinsa ba ya gangaro Kwara ya tsaya a gaɓar ƙasar Yauri. Tsofaffin kwalekwalen Bambara guda biyu aka farke aka haɗe a Sansandin, can cikin ƙasar Mali ta yau, aka sami abu mai tsawon ƙafa 40 da faɗin ƙafa 6, aka yi masa rumfa da fatun shanu don tare kibiya da mashi. An raɗa masa suna Joliba, wato yadda Mandinka ke kiran kogin. Turawa sama da 40 ne suka taso daga Gambiya a watan Mayun 1805, amma waɗanda suka ga Yauri da idonsu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Shugabansu wani likita ne ɗan Sikotlan mai shekara 34, Mungo Park.

A nan ne jagoransu kuma tafintansu, Amadi Fatuma, ya tattara kayansa ya sauka. Sharaɗin da suka yi tun Sansandin shi ne ya kawo su ƙasar Hausa, ga shi kuwa sun iso. Amadi ya ba da labari daga baya cewa kafin su rabu Park ya roƙe shi ya faɗa masa sunayen abubuwan masarufi da harsunan ƙasashen da ke gaba, suka kwana biyu cur a cikin jirgi, wannan na faɗa wancan na rubutawa. Da wannan 'yar takarda Park ya nufi Busa. Bai wuce ta ba.

Duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya haddace cewa Mungo Park ne ya “gano” Kwara. Marigayi Nuhu Bamalli ma littafi guda ya yi a kansa, Mungo Park Mabuɗin Kwara, wanda aka buga a Zariya a 1948. Bagungen da kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna noma da su a tsibiran kogin, in ka karanta masa wannan darasi, murmushi kawai zai yi. Akwai dai wani abu da Park ya yi wanda ba a koya mana ba. Shi ne ya yayata wata kalma a harshen Ingilishi, kalmar da har gobe take yawo a jaridun Landan da na Ikko, alhali mafi yawan masu furta ta ba su san daga Afirka ta Yamma ta fito ba.

Ana rubuta ta mumbo jumbo, ana furta ta “mambo jambo”. Idan lauya ya yi awa guda yana zuba manyan kalmomi, aka tashi ba wanda ya tsinci komai, Bature zai ce mumbo jumbo ne. Haka takardar rancen banki mai ƙananan rubutu, haka bayanin ɗan siyasa a kan inda kuɗi suka shige, haka tsubbace-tsubbacen boka. A Hausa tana tsakanin surkulle da soki-burutsu, amma ba ta zauna daidai a kan ko ɗaya ba. Surkulle yana da mai shi, wanda ya yarda yana aiki. Soki-burutsu kuwa shirme ne tsirara. Ita mumbo jumbo shirme ne da aka naɗa wa rawani aka zaunar a kan buzu don a razana wanda bai sani ba. Akwai raini a cikinta, akwai kuma zargin cewa da gangan aka murɗe zancen.

Park ba shi ya fara rubuta ta ba. Shekara 61 kafin littafinsa, wani Bature mai suna Francis Moore ya riga shi. Moore magatakarda ne na kamfanin sarautar Ingila da ke fataucin bayi da zinariya da ƙaro a Kogin Gambiya. Ya sauka a 1730, ya zauna har 1735, ya fitar da littafin tafiyarsa a 1738. Masu sha'awar tarihin Fulani sun san littafin ta wata fuska, don a ciki akwai labarin Ayuba Sulaiman Jallo, malamin nan na Bundu da aka kama aka sayar zuwa Amurka, ya kuɓuta ta Ingila, ya komo gida a 1734.

Moore ya ce wani dare abin ya kawo masa ziyara da kansa. Yadda ya siffanta shi: doguwar riga ta ɓawon itace, da tuntun ciyawa a ka, idan mutum ya shiga ciki sai ya kai tsawon ƙafa takwas ko tara. Da dare yake fita, da wata irin ƙara mai tsinka zuciya, mata na ji sai gudu. Idan rigima ta ɓarke tsakanin maza da mata shi ake kira ya yanke hukunci, kuma a cewar Moore hukuncin kullum maza yake bi. Mai shiga ƙungiyar sai ya rantse ba zai faɗa wa mace ko wanda bai shiga ba, yaron da bai kai shekara 16 ba kuwa ba a karɓarsa. Har rantsuwa ake yi da sunansa. Moore ya kawo labarin wani sarkin Jara wanda wajen 1727 matarsa ta matsa masa da tambaya har ya tona mata asirin, ita kuma ta fesa wa ƙawayenta. Da zancen ya isa kunnen manya, suka taho da dodon har fada, aka kashe sarki da matarsa gaba ɗaya.

Akwai wani ɗan bayani da Moore ya yi wanda ya fi wannan labarin jini muhimmanci ga tarihin kalmar. Ya ce mazan suna da wani yare na ɓoye da suke yi a sha'anin dodon, wanda mata ba su sani ba. Zaurance ke nan. Tun a rubutun farko, ashe, sunan yana tafe da zancen da na waje ba ya ganewa. Sai dai a can zancen yana da ma'ana sarai ga masu shi, an kulle ta ne kawai.

Littafin Moore bai yi nisa sosai ba. Na Park ne ya tashi kamar wutar daji. Wata ƙungiyar attajirai da masana ta Landan, wadda aka kafa a 1788 don binciken cikin Afirka, ita ta turo shi Gambiya a 1795 ya gano inda Kwara ta dosa, gabas ko yamma. Ya yi wata biyar a Pisaniya yana jinyar zazzaɓi yana koyon Mandinkanci, ya kama hanya ranar 2 ga Disamba da tafinta mai suna Johnson da wani yaro, Demba. Bai yi mako guda a hanya ba ya isa wani gari mai suna Kolor a ƙasar Wuli. A bakin garin ya ga wata riga ta ɓawon itace rataye a bishiya. Ya tambaya, aka ce ta Mumbo Jumbo ce.

Abin da ya rubuta a kai bai fi shafi guda ba. Ya ce abin na waɗanda ba su musulunta ba ne, masu tara mata ba iyaka. Idan faɗan kishiyoyi ya gagari maigida, sai shi ko wani da ya wakilta ya shiga rigar, ya riƙe sanda, ya fara kururuwa daga daji da almuru. Duhu na yi sai ya shigo dandalin gari, wanda suke kira bantan. Dole kowace matar aure ta fito, ba wadda ta san ko ita aka zo wa. A yi ta kiɗa da rawa har tsakar dare, sannan dodo ya cafke wadda ake nufi, a tuɓe ta, a ɗaure a jikin turke, a zane ta jama'a na shewa. Park ya ƙara da cewa matan ne suka fi kowa ɗaga murya wajen yi wa 'yar'uwarsu dariya.

Ban ga abin karewa a cikin wannan ba. Dukan mace a bainar jama'a zalunci ne, ko da wace riga aka sa aka yi shi. Amma a lura da abu biyu. Abin da Park ya ce ya gani a Kolor riga ce a rataye, kuma baƙo ko da ido makaho ne. Na biyu, ko a yadda shi da Moore suka ba da labarin, ba inda aka ce ana bauta wa wannan abu a matsayin ubangiji. Hukuma ce ta dattawan gari, mai alƙali da ɗan doka a cikin riga ɗaya. Kowa a garin, har matan da ake cewa ba su sani ba, ya san abin da fitowarsa ke nufi.

Masana harshe da dama sun mai da kalmar ga Mandinkanci, maamajomboo, sunan wani mai rufe fuska da ke fita a bukukuwa. Kashin farko, maama, kaka ne ko magabaci. Na biyun ana danganta shi da tuntun da ke kansa. Wasu ƙamusoshin Amurka sun fassara ta da bokan da ke sallamar fatalwar kakanni. Ko wanne aka ɗauka, kakanni na ciki. Danginsa na nan da rai: Kankuran, wanda ake yi wa riga da jan ɓawon itace, yana fita lokacin kaciyar yara a Gambiya da kudancin Sanagal, riƙe da adduna biyu. A 2005 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon ɗan Adam da ya kamata a adana.

Mai karatu a Yauri ko Ngaski ba ya bukatar dogon bayani a nan. Mun san dodo. Ba dodon tatsuniya mai haɗiye 'yan mata kaɗai ba, har dodon ƙabilu da yawa na tsakiyar Najeriya, wanda maza ke riƙe da asirinsa, mata da yara su shige ɗaka idan ya yi gurnani. A ƙasar Kambari da Dukawa da Kamuku, har zuwa Kwatarkwashi, akwai Magiro, mai magana da yawun kakanni, shi ma asirinsa a hannun maza yake. Daga nan ne Hausa ta sami dodorido, abin da ake girkawa don tsoratarwa alhali ba komai a ciki. Kusan tafiya ɗaya kalmomin biyu suka yi, tamu da ta Turawa: daga abin tsoro na gaske zuwa abin tsoro na bogi. Har cikin birnin Kano, inda Musulunci ya daɗe da kafuwa, ragowar irin wannan horo da dariya ba ta ɓace ba. Ga tashen gwauro nan na watan azumi, inda Nalako ke sa a kamo wanda ya rabu da matarsa, a yi masa ado da tarkace, a zaga gari da shi. Bambancin dai a can namiji ne ke shan kunyar, kuma ba bulala.

Littafin Park ya fito a 1799, ya ƙare a kasuwa nan da nan, aka sake bugawa, aka fassara shi zuwa Faransanci da Jamusanci. Ba mumbo jumbo kaɗai ya shigar Ingilishi ba. Sunan da Turawa ke kiran kaɗanya da shi, shea, daga bakin Bambara Park ya ɗauko, har masana tsirrai suka daɗe suna liƙa sunansa a sunan bishiyar na kimiyya. Matar da ke dakan man kaɗe a Shanga ba ta san da wannan ba, ba kuma abin da ya rage ta da shi. Kalmar kaɗanya ta tsaya inda aka ajiye ta, don abu ne da ake saye a shafa. Ta dodon kuwa ta kama gantali.

Matakin farko, aka mai da shi gunki. Masu wa'azin mishan da marubutan ƙarni na 19 suka riƙa kiran duk abin da suka ɗauka baƙar fata na bauta wa da wannan suna, ko a ina yake. Mataki na biyu ya fi ban sha'awa, don a nan ne Turawa suka fara jifan junansu da ita. Thomas Carlyle, shi ma ɗan Sikotlan, ya fitar da tarihin juyin juya halin Faransa a 1837. Da ya zo kan bikin da Robespierre, ɗaya daga cikin jagororin juyin, ya shirya a Faris ranar 8 ga Yunin 1794, inda ya ƙirƙiro wa Faransawa sabon addini na gwamnati, ya cinna wa mutum-mutumin kwali wuta a gaban jama'a, sai Carlyle ya sa wa babin suna Mumbo-Jumbo. Nufinsa a fili yake: ga wayayyun Faris sun koma abin da ya ɗauka na mutanen daji ne. Zagi ɗaya, mutum biyu ya sama. Kafin ƙarnin ya ƙare ma'anar ta sake zamewa, daga gunkin zuwa hidimar da ake yi masa, daga hidimar zuwa maganganun da ake furtawa, daga nan zuwa duk wata magana mai kumfa ba sabulu.

Amon kalmar ya taimaka ƙwarai wajen wannan zamiya. Kunnen Bature ya saba jin kalmomi masu tagwayen amo a matsayin wasa ko rufa-ido, irin su hocus pocus da masu dabo ke faɗa. Mu ma haka muke: cuku-cuku, nuƙu-nuƙu, muna-muna, ba ɗaya a ciki da ke nufin abin kirki. Da maamajomboo ta shiga bakin da ba ya iya jan wasalinta, ta fito da siffar da ta yi kama da gwalantun jariri, sai hukuncinta ya riga ma'anarta isa. A 1899 wata marubuciya, Helen Bannerman, ta yi littafin yara inda ta raba kalmar biyu, uwar yaron Mumbo, ubansa Jumbo, littafin da daga baya aka yi ta tir da shi saboda wariyar launin fata. A 1914 mawaƙin Amurka Vachel Lindsay ya ɗauke dodon ɗungurungum ya kai shi Kwango ya naɗa shi ubangijin can, dubban kilomita daga Gambiya. Ga irinsu duk Afirka ƙauye ɗaya ce. Sai a 1972 wani baƙar fatar Amurka, Ishmael Reed, ya sa wa littafinsa na ƙagaggen labari wannan suna da gangan, yana ƙwato kalmar daga hannun masu raini.

Kafin mu cika baki da laifin Turawa, mu leƙa namu tsakar gidan. Shekara da shekaru ana cewa “boko” daga kalmar Ingilishi ta littafi ta samo asali. A 2013 Farfesa Paul Newman, wanda ya koyar a Kano a shekarun 1970, ya rubuta maƙala yana nuna cewa kalmar Bahaushiya ce tun asali, ma'anarta algus ko abin ƙarya, kamar yadda ake cewa amaryar boko ga wadda ake fitarwa a madadin ta gaskiya ranar kai amarya. Ƙamusun Bargery na 1934 yana ɗauke da wannan tsohuwar ma'ana. Kakanninmu sun ga baƙo da baƙaƙensa masu tafiya daga hagu zuwa dama, ba su ga alamar ilimi a ciki ba, suka kira abin jabu. Sai dai ita boko arziki ta yi, ta tashi daga zagi ta zama abin da uba ke sayar da gona ya saya wa ɗansa. Mumbo jumbo kuwa ƙasa ta yi ta yi.

Rabin kalmar ma ya ɓalle ya yi tasa rayuwar, ko da yake a nan masana sun rabu. Tun 1823 wani ƙamusun zaurancen Landan ya kawo jumbo da ma'anar ƙaton mutum mara fasali, wasu na ganin gutsuren mumbo jumbo ne. A 1865 aka kawo wani ɗan giwa gidan namun dajin Landan daga Faris, asalinsa daga yankin Sudan aka kamo shi, aka sa masa suna Jumbo. Wasu sun ce daga waccan kalma ne, wasu sun ce daga Sawahilanci, jambo ta gaisuwa ko jumbe ta sarauta. Ya girma ya zama toron giwa da ya haura mita uku, yaran Landan na hawansa. A 1882 Ba'amurken nan mai wasannin nishaɗi, P. T. Barnum, ya saye shi dala 10,000, Ingila ta yi ta kururuwa a banza. Ranar 15 ga Satumban 1885 jirgin ƙasa ya banke shi a garin St. Thomas na Kanada, ya mutu. Tallan da Barnum ya yi masa ne ya sa duk wani abu jibgege ya zama jumbo. Shi ya sa ake kiran Boeing 747 da sunan, jirgin da alhazanmu da yawa suka hau daga Kano da Sakkwato zuwa Jidda, shi ya sa kuma jaridun ƙasar nan ke liƙa kalmar ga albashin 'yan majalisa. Jirgin ya fara tashi a watan Fabrairun 1969, watan da Janar Yakubu Gowon ya buɗe madatsar Kainji.

Wannan ya komo da mu gida. Park na 1805 ba shi ne saurayin 1795 mai zama a bantan yana tambayar sunan kowane abu ba. Wahalar da ya sha a tafiyarsa ta farko a hannun Larabawan Ludamar, inda aka tsare shi kusan wata huɗu, da gawawwakin da ya binne a hanya, har da na surukinsa Alexander Anderson a Sansandin, sun canza shi. Ya ƙudura ba zai sauka ba, ba zai biya kuɗin fito ba, duk jirgin da ya matso a buɗe masa wuta. Haka ya ratsa Tumbutu da Gawo. Kusan shekara 50 bayan haka, da wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, ya bi ta wurin, ya tarar Buzaye ba su manta da Baturen da ba ya magana sai da bindiga ba. Ga shi kuma ya faɗo ƙasar Hausa a mugun lokaci. Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Birnin Kabi ya faɗi a 1805, kowane gari a bakin kogi a tsorace yake da baƙin fuska. A gadon Yauri lokacin akwai Sarki Albishir ɗan A'i, wanda daga baya ya yi amana da masu jihadi ya tsira da sarautarsa.

Labarin abin da ya faru iri biyu ne. Na Amadi Fatuma, wanda wani ɗan kasuwa mai suna Isaaco ya karɓo bayan gwamnan Ingila na Sanagal ya aike shi bincike a 1810, cewa ya yi Park ya ba wani basarake na bakin ruwa zobban azurfa biyar da albarushi da ƙanƙarar bindiga ya kai wa sarki. Basaraken ya tambaya ko Baturen zai komo ta nan, Park ya ce a'a. Jin haka sai ya danne kayan, ya aika wa sarki cewa baƙin sun wuce ba ko gaisuwa. Sarki ya husata, ya sa aka buga wa Amadi mari, ya tura mayaƙa suka tare mashigin duwatsu a Busa. Da faɗa ya yi tsanani Park da sauran Turawan suka faɗa ruwa, bawa ɗaya ne ya tsira. Amadi ya ce ɗamarar takobin Park sarki ya mai da ita majayin dokinsa, kuma Isaaco ya yi dabara ya samo ta.

Abin da Turawan da suka biyo baya suka ji a Busa da Yauri daban ne. An ce musu an gargaɗi baƙin cewa gaba duwatsu ne, an ba su shawara su bi ta tudu, suka ƙi. An kuma ce mutanen Busa sun ɗauka 'yan jihadi ne suka taho ta ruwa. Amadi na da dalilin wanke kansa, masu sarauta ma na da nasu. Amma a duk labaran biyu, abin da ya ɓace a tsakiya magana ce: saƙon da bai isa ba, gargaɗin da ba a ji ba, jirgin da ba mai iya ɗaga murya daga cikinsa ya ce mu matafiya ne. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya yi digirinsa na biyu a kan Yauri ta ƙarni na 19, ya nuna a littafinsa na 1978 yadda Hausa ta zama harshen fatauci a wannan yanki har zuwa Gwanja. Kalmomin da za su iya ceton Park ba su da wuyar samu a kasuwar Yauri.

Hugh Clapperton ya zo Busa a 1826 yana neman takardun Park, bai samu ba. A 1830 sai ga 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander. Sun iso Birnin Yauri a ƙarshen watan Yuni, suka ƙiyasta zagayen ganuwarta mil 20 zuwa 30, ganuwar da har yau ana ganin kufanta, ko da yake sarauta ta bar garin tun tuni, ta zauna a Yelwa daga 1888 zamanin Abdullahi Abarshi. Sun zo ne don an ce littattafan Park na hannun sarki. Sarki ya riƙe su kusan mako biyar, yau da dalili gobe da wani, ya karɓi kyaututtukansu, a ƙarshe ya ce ba shi da komai.

Abin da suka gani da ido a Busa suka gan shi, kafin su hauro. Sarkin Busa ya sa aka nemo wani talaka da aka ce ya tsamo littafi daga kogi bayan hatsarin, ya adana shi shekara 24. Mutumin ya zo da shi naɗe cikin babban zane. 'Yan Lander suka zuba ido, zuciya na bugawa, suna tsammanin littafin tafiyar Park ne, wanda zai faɗa wa duniya inda Kwara ta bi. Aka kwance. Tsohon littafin matuƙan jirgin ruwa ne, mafi yawan shafukansa ba komai sai jerin lambobin lissafin logaridim, waɗanda in ba ka san sirrinsu ba ba su da maraba da hatimin malamin tsibbu. Sun rubuta cewa mai shi yana girmama shi kamar abin tsafin gida. Wurin da aka yi wannan zama yanzu yana ƙarƙashin Tafkin Kainji, wanda ya haɗiye tsohuwar Busa a 1968 tare da tsibiran Gungawa da dama, aka tashi mutane sama da 40,000.

A tsakanin shafukan littafin sun tarar da 'yan takardu. Ɗaya lissafin bashin tela ce. Ɗaya kuma gayyata ce daga wani magidanci da matarsa a unguwar Strand ta Landan, mai kwanan watan Nuwamban 1804, suna roƙon Malam Park ya zo cin abincin dare ranar Talata da ƙarfe biyar da rabi, kuma ya daure ya aiko da amsa.